Macijin Gidan Baba Lam

Tafiyar nan ta yi wuya. Duk wanda ya ce muku zuwa ƙasar Sin yawon buɗe ido ne, a hoto ya gan ta. Na tafi da tumbina, na dawo wando yana zame mini, bayana har yau bai daina ciwo ba. Kuma tun da na dawo ku 'yan layinmu na Kwari ba ku bar ni na huta ba. Alhaji Sabo yaya Sin, da gaske ne suna cin kare, da gaske ne duk kamarsu ɗaya. Kowa ya zo sai in faro masa daga farko. To na gaji. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kada kuma wani ɗan boko ya zo yana gyara mini. In faɗa muku tun yanzu, labarin kasuwa kaɗan ne a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai wani tsoho ne da macijinsa, da yadda aka so a dafa macijin. Mai dariya ya yi ya gama.

Na bar Kano da ɗaukewar daminar 1998, a doguwar mota zuwa Legas. Bayan Jebba ta lalace, muka wuni a bakin titi muna cin gasasshiyar doya. Daga Legas sai jirgi. Ni da jirgi mun san juna, na je Makka, amma na Makka kafin ka gama lazimi an sauka. Wannan kuwa ka ci abinci, ka yi barci, ka farka, a sake ba ka abinci, kana nan a sama. Rana ta faɗi a lokacin da agogona yake cewa azahar ba ta yi ba. Na rasa wace salla ake bina, na haɗa su duka na rama, na ce Allah ya san matafiyi.

A Hong Kong na sauka a wani dogon bene cike da Indiyawa. Ɗakin da aka ba ni, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. A kan gado nake salla. Mai ɗakin shi ya nemo mini biza, ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa iyaka. A nan ake sauka a tsallaka wata gada da ƙafa, kowa da kayansa a ka ko a kafaɗa. Ma'aikacin iyaka ya zazzage jakata. Ya ɗauke kilishina, ya ce nama ba ya shiga. Ya ɗaga buta ya jujjuya, ya leƙa cikinta, ya ajiye. Da ya zo kan goro sai ya tsaya. Na ɓantara na ci a gabansa don ya ga ba guba ba ne, shi ma ya ɗan gutsura. Fuskar da ya yi ban taɓa ganin irinta ba. Ya mayar mini da goron duka, ya yi mini hannu in wuce da sauri. Kukata da daddawata ko sunsunawa bai ƙara yi ba.

Garin sunansa Guangzhou, mu Gwanzu muke cewa. Mutanen da na gani a tasharsu, in an juye su a Kano sai an rasa wurin taka ƙafa. Kowa sauri yake yi, ba mai ce maka sannu. Kallo dai kam na sha shi. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta murza da yatsa, ta duba yatsan ko baƙin ya fita. Na sauka a unguwar Sanyuanli, inda masauki yake da sauƙi. Kalma huɗu na koya a nan: nihaw, wato sannu, she-she, na gode, lawban, maigida, sai meyo, babu. Meyo na fi ji.

Abinci shi ya fara karya ni. Komai da alade, abin da ba alade a ciki da man alade aka soya. Na koma burodi da ayaba da dafaffen ƙwai, har na tsani ganin ƙwai. Daga baya na gano wata rumfa ta Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, suna murza taliya da hannu. Suka ba ni tsinke biyu in ci da su. Na yi ta kokawa, taliyar tana gudu, ƙarshe na wanke hannu na ci yadda uwata ta koya mini. Duk rumfar suka daina ci suna kallona.

Wata rana na ɓata hanya na faɗa wata kasuwa. Abin da na gani a nan, ku da kuke tambaya, shi ne amsarku. Kejuna ne jere, kunkuru, kwaɗi, mage, da macizai tuli a nannaɗe kan juna. Mutum zai nuna wanda yake so, a ciro, a yanke kai da almakashi, a feɗe a gabansa. Musamman in sanyi ya kusa, sun ce miyar maciji tana ɗumama jiki. Na fita da baya ina salati.

Ranar Juma'a na nemi Masallacin Huaisheng, mai wata tsohuwar hasumiya sumul kamar an mulmula ta da hannu. Bayan an idar na ji wani a bayana yana cewa, wannan hular ta Kano ce. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don rabona da jin Hausa har na fara magana ni kaɗai. Isaka ne sunansa, ɗan zangon Kumasi, aikinsa loda wa mutane kaya a kwantena. Ya daɗe a can, yana jin yarensu. Da na ce masa wandon jins na zo saye, sai ya ce ɓata lokaci nake yi a Gwanzu, in zo ya kai ni inda ake ɗinka shi.

Garin sunansa Xintang. Ko'ina ƙarar keken ɗinki, ko'ina shuɗin ƙyalle a shanye. Ruwan rafinsu ma shuɗi ne, sai ka ce an juye marinar Ƙofar Mata a ciki. Isaka ya kai ni wurin wani mai ɗinki, saurayi ne a gabana, mai sigari a baki da waya a ƙugu. Lawban kowa yake ce masa. Muka daidaita, sai dai wandonsu ba ya shiga mutanenmu, sun matse shi ta baya. Dole in zauna in tsare aikin, da wandona na jiki aka yi awo. Lawban ya ce ba sai na nemi masauki ba. Dabararsu ce, suna ajiye mai saye a gida don kada maƙwabta su janye shi.

Bayan benen ɗinkin akwai tsohon gida mai tsakar gida, a nan uban Lawban yake zaune shi kaɗai. Sunansa Lam, na sa masa Baba Lam. Ɗan siririn tsoho ne, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Ɗakina yana kallon nasa. Ina shiga na ga famfo, na ce alhamdu lillahi ga wurin alwala. Kusa da famfon akwai wani akwatin katako mai ragar waya, an ɗora dutse a kan murfin. Na ɗauka kaji ne. Na leƙa.

Ban san lokacin da na isa bakin ƙofa ba. Maciji ne, baƙi wuluk, ya fi ni tsawo, yana kwance a kan bambaron shinkafa yana fito da harshe. Hannuna har ya kai kan wani faskare, don kun san yadda muka taso, in an ga maciji ba a tambayar sunansa. Lawban ya yi ta dariya, ya yi wa Isaka magana.

Isaka ya ce, "Alaji, ya ce ba shi da dafi, ɓera yake ci, na babansa ne. Amma in zai dame ka, ka faɗa kawai. Yau da yamma a yi miya da shi."

Daga baya Isaka ya gaya mini ba wasa ba ne. Lawban da matarsa sun daɗe suna son a rabu da shi, ya yi wa uban sharaɗi cewa macijin zai zauna muddin bai kori mai saye ba. Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne tsohon bai yi dariya ba. Ya zo ya tsaya ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin akwatin. Bai dubi ɗansa ba, ni ya duba.

Na ce wa Isaka, "Ka ce masa ba ya damuna."

Ya ce, "Alaji, ƙafarka rawa take yi."

Na ce, "Tawa ce, ba tasa ba. Faɗa masa."

Haka na zauna a gida ɗaya da maciji. Da farko na sha wuya. Na toshe ƙasan ƙofa da yankakkun ƙyalle, in zan sa takalmi sai na kaɗe shi, alwala kuwa ido ɗaya a famfo ɗaya a akwati. Na tambayi wani malami ɗan Yamai a masallaci, ya ce abin da bai cuce ni ba, kuma a gidan wani yake, ba ruwana da shi. Hankalina ya ɗan kwanta.

Baba Lam bai manta abin da na yi ba. Isaka ya yi masa bayanin alade sau ɗaya, washegari sai ga shi da sabuwar tukunya da sabon cokali, ya nuna mini takardar kanti tana manne. Na fara sayen kaza da rai ina yankawa da kaina, yana tsaye yana kallon yadda nake fuskantar da ita alƙibla. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka na zuba masa. Na ga bai so ba, yauƙin ya ba shi tsoro, amma ya cinye tas. Shi kuma ya koya mini shayinsu, ba sukari ba madara, a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. In an zuba maka ba ka cewa komai, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, an gode ke nan. Mu da za mu yi rabin wuni muna gaisuwa.

A hankali na ga yadda yake kiwon abin. Ni da na zaci maciji sharri ne kawai mai tafiya, ashe yana da tsari. Ba kullum yake ci ba. Tsohon yakan ɗana tarkon waya a ɗakin ajiyar ƙyalle, in ya kama ɓera ya kawo masa, in ya haɗiye kuma sai a ƙyale shi ya kwanta, ba mai taɓa shi sai cikin ya saɓe. In ba ɓera, ƙwai. Bayan ya taɓa ɓera sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa hannu a akwatin, in ba haka ba macijin zai ji ƙanshi ya kai cizo. Akwai kwanon ruwa, akwai wata tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefe, nan yake shiga in ba ya son ganin kowa. Dutsen kan murfin kuwa dole ne, don gwanin hawa ne, in ya sami kafa sai dai a gan shi a kan rufi. In ya tsorata yakan kaɗa jelarsa a cikin bambaro, ka ji shaf-shaf-shaf. Ashe ranar farko shi ma tsorona ya ji.

Wani lokaci idonsa ya yi fari kamar mai yanar ido, ya ƙi ci. Na damu, na nuna wa tsohon da hannu ko ciwo ne. Ya girgiza kai, ya kawo ruwan ɗumi a baho ya sa shi a ciki. Bayan 'yan kwanaki macijin ya tuɓe tsohuwar fatar gaba ɗaya kamar an cire safa. Ya fito yana ƙyalli, baƙi mai shuɗi-shuɗi, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Ranar na fara taɓa shi. Na zaci santsi zan ji, sai na ji shi a bushe, da sanyi, yana motsi a ƙarƙashin yatsana. Tsohon ya yi dariya har na ga ba shi da haƙoran sama.

Da hantsi yakan fito da shi ya ɗora a wuya, macijin ya zura kai cikin hannun rigarsa yana neman ɗumi. Sai mu zauna da shayi. Isaka ya gaya mini duk inda benayen ɗinkin nan suke gonakin shinkafa ne a da. Macijin a rumbun tsohon yake tun matarsa tana da rai, ita ta hana a kashe shi don yana kama musu ɓera. Aka rushe rumbun, matar ta rasu, 'ya'yansa mata suka yi aure nesa, ɗan kuma ba ya zama. Macijin ne kawai ya rage masa.

Muna hira fa. Ni in yi masa Hausa, shi ya yi mini nasa. Na ba shi labarin 'ya'yana, da garinmu da na bari tun ina saurayi, da abubuwan da ko ku ban taɓa gaya muku ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce wani abu mai tsawo, ni ma in gyaɗa. Ban san me ya ce ba, amma na san ba zancen kasuwa ba ne. A duk ƙasar nan shi kaɗai ne ya zauna da ni ba don yana son ya sayar mini da wani abu ba.

Aikina ya kusa ƙarewa na je Juma'a, aka haɗa ni da Alhaji Illo, ɗan Maraɗi. Dogon mutum ne, mai sanyin magana, babban ɗan kasuwa, jins yake nema mai yawa. Yunwa ta rame da shi kamar yadda ta yi mini. Da ya ji ina da tukunyata ina tuƙa tuwo, sai ya ce ko akwai wuri. Kun san ba a ce wa ɗan'uwa babu a baƙuwar ƙasa. A mota na gaya masa gaskiya, na ce akwai maciji a gidan. Ya tambaya ko a akwati yake. Na ce a akwati. Ya ce to ba komai.

Lawban ya ji daɗi, don Isaka ya riga ya gaya masa girman mutumin. Ya ba shi ɗaki mai kyau, ya sa aka kawo kifi, ya riƙa zagayawa da shi layin yana nuna wa maƙwabta. Washegari da hantsi muna zaune, Baba Lam ya so ya girmama sabon baƙo. Ya fito da macijin a wuyansa, ya zo ya miƙo masa kan don su gaisa.

Alhaji Illo bai yi ihu ba. Ya miƙe a hankali, ya yi murmushi, ya ce she-she, ya shiga ɗaki. Kafin azahar ya ɗaure jakarsa. Ya sa ni na nuna wa Lawban da hannu cewa wani ɗan'uwansa ba shi da lafiya a Sanyuanli. Ya yi godiya ya ƙara, ya ajiye wa tsohon ƙullin dabino, ya fita.

To a wurinmu wannan shi ne mutunci. Baƙo ba ya kushe gidan da aka sauke shi, in abu bai yi masa ba sai ya nemi uzuri ya zame, kowa ya tsira da girmansa. Shi a ganinsa ya rufa wa kowa asiri. Amma a wurinsu, baƙon da aka zagaya da shi jiya a ga ya fita da jaka yau, an zubar wa mai gida da mutunci a idon duk layin. Da ma ya buɗe baki ya ce a ja akwatin baya, da an ja, magana ta ƙare. Lawban ba wawa ba ne. Ya tsaya a tsakar gida yana yi wa ubansa faɗa, ma'aikata suna leƙowa ta taga.

Da Isaka ya zo ya fassara mini. Ranar Lahadi Lawban zai gayyaci maƙwabta cin abinci, za a yi miyar macijin. Na ce a gaya masa in ya yi haka zan kwashe cinikina in kai wani wuri. Isaka ya ce kada in ba kaina kunya, kayana an riga an ɗinka, kuma bai kai rabin abin da Illo zai saya ba.

Na hau mota na koma Sanyuanli. Na sami Alhaji Illo a ɗaki yana cin burodi da ruwan zafi. Na roƙe shi ya dawo ko kwana ɗaya ya yi, a gan shi ya shiga da jaka.

Ya ce, "Alhaji Sabo, ni ban ce ma kowa komi ba."

Na ce, "Shi ne ya jawo."

Ya ajiye burodin. Ya ce, "Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Muna noman hatsi kububuwa ta sare shi. Bisa ƙahwata ya cika, kahin a samo amalanke. Na san wanga bai da dahi. Kaina ya sani, jikina ne bai sani ba. Ka yi mani haƙuri."

Na yi wa mamacin addu'a. Mutumin kirki ne, ya aika Isaka ya gaya wa Lawban cinikin yana nan, wurinsa zai saya. Lawban ya karɓi cinikin, amma ya ce maganar Lahadi tana nan, ya riga ya faɗa a gaban mutane.

Ranar Asabar bayan la'asar, Lawban ya tafi wurin masu wankin jins. Ina ɗaki ina haɗa kayana, don an gama ɗinkina, da safe zan bi motar farko zuwa Gwanzu wurin lodi. Sai na ji an ƙwanƙwasa. Baba Lam ne, ya sa rigarsa ta fita. A gabansa akwai kwandon goyo da aka ɗaure bakinsa da ƙyalle. Ya nuna gwiwarsa, ya nuna wani tudu can bayan gari, ya nuna ni. Ba a bukatar Isaka.

Na goya kwandon. Ku da kuka san ni, ku kwatanta, Alhaji Sabo da furfurarsa yana tafe da maciji a baya. Ina jin nauyinsa yana juyawa a gadon bayana. Muka wuce benayen, muka tsallake shuɗin rafin, muka ratsa gonar ayaba, tsohon yana jan ƙafa yana dafa kafaɗata. Can saman tudun akwai wani lambu da ba a kula da shi, da kangon gidan ƙasa, bango ɗaya ne ya rage a tsaye. Ya nuna kangon, ya nuna ƙirjinsa, ya sauke hannu daidai tsayin yaro. Na gane nan aka haife shi.

Ya kwance kwandon ya ajiye macijin a gindin bangon, inda akwai rami tsakanin tubala. Macijin ya ɗaga kai, ya lasa iska, ya juyo ya hau hannun tsohon ya shige hannun riga. Ya zaro shi ya sake ajiyewa. Ya sake dawowa. Sai tsohon ya warware shi, ya ɗora mini a hannu biyu, shi kuma ya ja ƙafa ya tafi can gindin wata bishiya ya juya mana baya.

Na durƙusa na kai kansa bakin ramin. Ya tsaya. Na ce masa, "Shiga mana. Allah ya tsare ka daga masu tukunya." Ya zura kai, jikin ya bi ta cikin tafina a hankali, yana tafiya yana tafiya, har jelar ta suɓuce. Hannuna ya zama ba komai.

Ban san ko taimakonsa muka yi ba. Sanyi ya fara shigowa, ga shi ya tsufa, ya saba a kawo masa ɓera har ɗaki. Kuma na sha ganin masu buhu da ƙugiya suna yawo a gonakin nan suna kama su don kasuwa. Da muka koma Lawban yana tsaye a kan akwatin, murfin a buɗe. Ya dubi ubansa, ya dubi ƙasar da ke gwiwata. Ya kunna sigari ya shige bene. Ina jin shi ma nauyi aka sauke masa, Allah ne masani.

Kuna tambayata ko zan koma. Kasuwa za ta mayar da ni ko ina so ko ba na so. Amma tsohon ya yi nisa, kuma na ga ana auna tsohon gidan da igiya, bene za a ɗora. Ba ni da lambar da zan kira, in ma na kira me zan ce, nihaw? Wani lokaci ina zaune a shago da hantsi yaro ya kawo mini shayi, sai in ga yatsuna suna ƙwanƙwasa benci. Kun sha yi mini dariya a kai. To yanzu kun ji.

Saura washegari. Na yi asuba, na ɗaure jaka na ajiye a bakin ƙofa. Ɗakin tsohon a rufe, na ce barci yake yi, kada in tashe shi. Da sauran lokaci kafin motar, sai na ce bari in je in leƙa ramin sau ɗaya, ba wanda zai sani. Na tsallake rafin, na ratsa ayabar, na hau tudun ina haki. Ina zuwa na tarar ya riga ni. Yana zaune a kan tubalin da ya faɗo, raɓa ta jiƙe masa wando har gwiwa, ya ajiye ƙwai ɗaya a bakin ramin. Yadda ya hau tudun nan shi kaɗai da wannan ƙafa, ban sani ba. Ya ɗago ya gan ni, bai yi mamaki ba. Ya matsa gefe ya share mini wuri da hannu.

Na zauna. Ramin muke kallo, ni da shi, har motar Gwanzu ta tashi ba ni.